Marina ko wurin anka: a ina matuƙin jirgin ruwa yake samun mutane?

Wani ɗan aminina daga Tudun Wada, wanda ya gama karatun aikin jirgin ruwa a Oron, ya aiko mini da tambaya. Ya samu aiki a wani ƙaramin jirgi mai filafilai, irin wanda iska ke turawa, na wani dattijo da matarsa da ke shirin tsallaka Tekun Atlantika daga tsibiran Kanari zuwa Karibiyan. Sun gaya masa tun farko cewa su ba masu son kwana a marina ba ne, wato tashar da ake ɗaure ƙananan jirage a jere ana biyan kuɗi. Sun fi son su sami wani lungun teku mai kwanciyar ruwa su saki anka, wato ƙarfen da ake sakewa ƙasan ruwa da sarƙa ya riƙe jirgi. Shi ne ya ce: "Baba, ni mutum ne da ba na iya wuni ban zauna a majalisa ba. A ina ake samun mutane, a marina ko a wurin anka? Kada in je kaɗaici ya illata ni."

Ɗana, tambayarka ta yi ma'ana, kuma gara da ka yi ta tun ƙafarka tana kan tudu. A marina mutane ne suke zuwa su same ka, ko kana so ko ba ka so. A wurin anka kuwa kai ne za ka tashi ka je ka same su. Duk sauran bambancin daga nan ya samo asali, kuma ba halin mutanen ne ya jawo shi ba, tazarar da ke tsakanin jiragen ce.

Bari in fara da marina, tunda can za ka fara sauka. Dakali ne na katako mai yawo a kan ruwa, dogo, faɗinsa bai wuce mutum biyu su gitta juna ba. Jirage suna ɗaure dama da hagu, tsakanin naka da na maƙwabcinka ba komai sai matashin roba da ake ratayawa don kada su gogi juna. Ga famfo, ga turken lantarki, can a tudu ga bayi da wurin wanka da injin wanki na kowa da kowa. Duk lokacin da za ka fita, ko shara za ka zubar, sai ka wuce ta gaban jirage da yawa. A Bahar Rum ma da baya ake jingina jirgi ga dakali, kuma a bayan nan ne wurin zama yake, inda ake cin abinci ana hira. Ka ga kenan ta tsakiyar falon mutane kake wucewa safe da yamma. In ka taɓa zama a gidan haya a Sabon Gari, mai famfo ɗaya da ɗakuna suna kallon juna, to ka san rabin zaman marina: gaisuwa dole, aron kaya ba wuya, sirri kuwa sai dai a yi haƙuri.

Sabo na farko yakan fara ne tun kafin ka kashe inji. Al'ada ce a ko'ina cewa in jirgi yana shigowa, duk wanda ke kusa a kan dakali zai ajiye abin da yake yi ya zo ya karɓi igiya. Ba a biya, ba a roƙo. Kafin a gama ɗaurewa an tambaye ka daga ina kuka taso, yaya teku, ina kuka nufa. Sabo na biyu kuma gyara ne ke kawo shi. Ka buɗe murfin inji ka baza sifana a waje, ba za a jima ba sai ka ga kawuna sun leƙo, wannan ya ce matatar mai ce, wancan ya ce iska ce ta shiga bututu, na uku ya tafi ya ɗauko maka abin da ba ka da shi. Rabin shawarar ba ta da amfani, amma a cikin ragowar rabin akwai ilimin da ba a koyarwa a aji. Don haka nake ce wa duk sabon shiga kada ya raina marina. Makaranta ce.

Sai dai kada ka ɗauka kowace marina haka take. Yawancinsu wurin ajiya ne kawai. Za ka ga ɗaruruwan jirage a jere, dare ya yi ka duba ba fitila sai a 'yan ƙalilan, domin masu su suna gari suna aiki, sai ƙarshen mako ko lokacin hutu suke leƙowa. A irin wannan wuri mutum yana iya yin kaɗaicin da ya fi na tsakiyar teku, ga jirage ko'ina amma ba mai amsa sallama. Akwai kuma na kulob, kamar Lagos Yacht Club da aka kafa a 1932, inda zumuncin na 'yan ƙungiya ne da suka daɗe da sanin juna, suna haɗuwa don tsere da cin abinci. Baƙo yana shiga ne ta hannun wani.

Masu rai su ne iri biyu. Na farko tashoshin da matafiya ke taruwa kafin doguwar tafiya ko bayanta. Las Palmas ta tsibiran Kanari, inda nake kyautata zaton za ku taso, ita ce babba a cikinsu. Tun 1986 ake yin ayarin tsallaka Atlantika da ake kira ARC daga can, wanda Jimmy Cornell ya assasa, kuma a shekarar farko ma jirage sama da 200 ne suka tashi. A ƙarshen Nuwamba ake tashi, a yi tafiyar mil 2,700 na teku zuwa Rodney Bay a tsibirin Saint Lucia. Makonnin da suka gabaci tashin, dakalin nan ya fi kasuwa cika: ana loda abinci, ana hawa sandar jirgi, wato doguwar da ke riƙe filafilai, ana duba wayoyi, yara suna guje-guje, matasa daga ƙasashe daban-daban suna bin jirage ɗaya bayan ɗaya suna neman wanda zai ɗauke su. Kowa fargaba ɗaya yake ciki, shi ya sa baki ke saurin buɗewa. Ka kuma sani cewa a wannan lokacin 'yan ayari ake bai wa wuri, sauran jirage da yawa sai su koma su saki anka a gefen tashar, gaban bakin ruwan Alcaravaneras. Ba mamaki can za ka fara ɗanɗana zaman anka. Mindelo a tsibiran Cape Verde ma haka take, da Horta a tsibiran Azores, inda masu dawowa Turai ke yada zango. A Horta akwai wani shagon shan kofi da abin sha mai suna Peter Café Sport da ke karɓar matuƙa tun 1918, kuma kowane jirgi yakan zana sunansa da fenti a bangon tashar kafin ya wuce.

Iri na biyu su ne wuraren da ake fakewa lokacin sanyi, kamar Marina di Ragusa da Licata a Sisili, ko Monastir a Tunisiya, ko Marmaris a Turkiyya. Mutane sukan ɗaure jirgi wata biyar ko shida suna kwana a ciki, sai wurin ya zama ƙaramar unguwa, da gashin nama na mako-mako, da ajin koyon harshe, da masu shirya tafiya kasuwa tare. Da kuma gulma, ba shakka. Ido wa ka raina? Wanda kake gani yau da gobe. A nan ne za ka ji an ɓata saboda igiya tana bugun sandar jirgi cikin dare ta hana mutane barci, ko saboda kare, ko saboda wani ya ja lantarki daga turken wani. Mata da miji su yi sa-in-sa da dare, kafin hantsi dakali duka ya sani.

Akwai ladubban da za ka kiyaye, kuma ba za su yi maka wuya ba tunda a gidan da ake sallama a zaure ka tashi. Ba a taka jirgin mutum sai ya ce bismilla. Ana ƙwanƙwasa jikin jirgi ne a tsaya a jira. Ana cire takalmi. Ba a leƙa taga in ana wucewa, ko da a buɗe take. In tasha ta cika aka jera jirage gefe da gefe har sai ka bi ta kan na wani kafin ka kai tudu, ta goshin jirgin ake bi, a hankali, ba ta bayan da suke zaune ba.

Wani abu kuma da ba zan ɓoye maka ba: marina tana da aji. Ana biyan kuɗin wuri gwargwadon tsawon jirgi, mita-mita, don haka kowa ya san nauyin aljihun kowa da kallo ɗaya. Masu jirgi da masu jirgi suke hulɗa, ma'aikata da ma'aikata. Kai baƙar fata ne, matashi, ma'aikaci. Za a samu wanda zai ɗauke ka mai wankin jirage ya miƙo maka bokiti, za a samu mai gadin da zai tsare ka a ƙofa alhali ya bar wani ya wuce. Ka riƙe katin shigarka, ka amsa da fara'a da gajeriyar magana, ka wuce. Amma a cikin ma'aikatan nan ne za ka sami naka: 'yan Senegal, 'yan Maroko, 'yan Filifin, masu fenti da masu ɗinkin filafilai da makanikai. Su ne za su nuna maka mahaucin halal, da masallaci, da inda ake aika kuɗi gida.

To, mu koma wurin anka, inda za ka fi daɗewa.

Lissafi ne ya raba mutane a can. Anka ba nauyinta ke riƙe jirgi ba, nitsewar da take yi cikin yashi ko taɓo ce, kuma ba ta nitsewa sai sarƙa ta ja ta a kwance. Shi ya sa ake sakin sarƙa ninki biyar na zurfin ruwa, in iska ta yi ƙarfi har ninki bakwai. A ce zurfin mita 5 ne, ka ƙara mita 1 na tsayin goshin jirgi daga ruwa, ka ninka biyar, mita 30 kenan. Ka ƙara tsawon jirgin, a ce mita 12. Jirgin zai riƙa kewaya ankarsa duk inda iska ta juya, cikin da'irar da ta kai mita 40 ta kowane gefe. Kowa yana buƙatar irin wannan fili. Saboda haka maƙwabcinka yana can nesa, kana ganinsa yana shanya kaya amma ba ka jin maganarsa. Ɗaga hannu kawai ake yi. Kana iya yin kwanaki kusa da mutum ba ku yi kalma ɗaya ba, kuma ba wanda zai ga laifin wani.

Rigimar wurin anka ma daga wannan lissafin take fitowa. Wanda ya riga zuwa shi ke da haƙƙi, wanda ya zo daga baya shi zai nemi wuri, in kuma aka matsu shi zai tashi. In kuna shigowa ka ga wani ya fito goshin jirginsa ya riƙe ƙugu yana kallonku bai ce uffan ba, ya gama magana kenan: kun matso. Kyaftin mai hankali yakan kewaya a hankali ya tambayi na kusa sarƙa mita nawa ya saki, a ina ankarsa take. Wannan tambayar kaɗai takan zama mafarin abota, domin ta nuna ka san aiki kuma ka san haƙƙin maƙwabci. Tunda kai ne za ka tsaya a goshi kana sakin sarƙa, kai za a fara gani. Ka yi ta da kyau: a saki a hankali jirgi yana ja da baya, a ba inji wuta a tabbatar ta kama, a rataya baƙar ƙwallo da rana, a kunna farar fitila da dare, kamar yadda doka ta 30 ta ƙa'idojin kauce wa karo a teku na 1972 ta tanada. Duk wurin suna kallo, kuma daga wannan kallon ake yanke hukunci ko ku mutanen da za a yi barci kusa da su ne.

Dalilin da ya sa na fi son zaman anka, in ka tambaye ni, shi ne abin da ke faruwa in iska ta taso da tsakar dare. Ankar wani takan ɓalle, jirginsa ya fara ja yana nufar na bayansa ko duwatsu, shi kuwa yana barci ko ma yana gari. Nan take za ka ji ƙaho, ka ga tocila, ka ji injunan ƙananan kwale-kwale, irin waɗanda jiragen ke ɗauke da su don sauka tudu, sun tashi daga ko'ina. Mutanen da ba su san sunan juna ba za su hau jirgin wani, su ƙara masa sarƙa ko su sake dasa masa anka, su koma su kwanta. Saboda haka ne ma matafiya da yawa in za su sauka tudu suke barin makullin inji a jiki da na'urar jan anka a kunne, don wanda zai zo ceto ya samu abin aiki. Ka duba irin amanar da ke cikin wannan. A marina igiya huɗu da ma'aikatan tasha ne ke tsare ka. A wurin anka maƙwabcinka ne. Wanda kuka jiƙe tare da ƙarfe uku na dare ba ya mance ka.

Ziyara kuma sai an yi niyya. Zumunci a ƙafa yake, in ji Hausawa, a nan kuwa a kwale-kwale yake. Sai ka sauke shi ruwa, ka tada inji ko ka ja da filafilin tuƙi, ka je gefen jirgin mutum, ka kama ƙarfen gefe kana tsaye a naka, ku gaisa. Sau da yawa a haka ake hirar rabin awa ba a ce ka hau ba, kuma ba rowa ba ce, haka tsarin yake. In hira ta yi daɗi sai a ce ku zo da yamma. Wannan zaman na faɗuwar rana shi ne majalisarsu. Kowa yakan zo da abin shansa, wani lokaci har da kofinsa, da ɗan abin taɓawa, saboda an san ruwa da ƙanƙara da abinci a ƙidaye suke a kowane jirgi. Awa biyu an watse. Ƙarfe tara wurin ya yi tsit, domin da rana ake tashi da rana ake kwanciya. Ba a cika tambayar mutum sana'arsa ko abin da ya mallaka ba. Da sunan jirgi ake sanin mutane, kai ma da shi za a riƙa kiranka. Attajiri da mai faci a filafilai ruwa ɗaya ke jiƙa musu wando a kwale-kwale, shi ya sa ajin da na gaya maka yake raguwa sosai a nan.

Abota tana saurin ƙulluwa saboda kowa ya san gobe ko jibi wani zai ɗaga anka. Wannan ne ɓangaren da ke da ciwo, kuma ka shirya masa: ka saba da mutum kamar ɗan'uwa, ka tashi da safe ka ga wurinsa fayau. Abin da ke rage zafin shi ne iska da yanayi hanya ɗaya suke kora kowa. Lokacin guguwar Atlantika yana farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, kuma a tsakanin nan jirage da yawa suna gangarawa kudu zuwa Grenada da Trinidad. Wanda kuka rabu a Mindelo sai ka tsince shi a tsibirin Martinik na Karibiyan, ka sake ganinsa a Grenada.

Kada kuma ka zaci wurin anka kullum daji ne. A George Town ta Bahamas ɗaruruwan jirage ne ke taruwa lokacin sanyi, da wasanni a bakin ruwa da tarurruka har sai mutum ya gaji. A Martinik za ka ga tsarin biyu kusa da juna, ga babbar marinar Le Marin, ga faffaɗan wurin anka na Sainte-Anne, mutane suna kai da komo tsakaninsu. Abin da ke haɗa kan irin waɗannan wurare rediyon oba-oba ne. Tasha ta 16 ta kira ce da neman agaji, ba a hira a kanta. Amma akan ware wata tasha da ake buɗewa kowace safiya, a Grenada ta 66 ce, inda ake karanta yanayin iska, sababbin zuwa su gabatar da kansu, masu tafiya su yi ban kwana, mai neman kayan gyara ya yi cigiya, a sanar da motar zuwa kasuwa. Ka saurare ta kullum, ranar farko kuma ka roƙi kyaftin ya bar ka ka gabatar da jirginku. Gaskiya wannan al'ada ta ɗan yi sanyi tun da WhatsApp da Facebook suka karɓe rabin aikinta, sannan Starlink ya shigo ya ba kowa intanet a tsakiyar ruwa. Yanzu sai ka ga mutum ya yi tafiyar dubban mil ya zo ya kulle kansa a ɗaki da kwamfuta. Kai ma jarrabawar da ke jiranka kenan: ka kwana kana hira da 'yan Tudun Wada a waya, maƙwabcinka na mita hamsin ba ka san shi ba. Ka kira Hajiya, ka gaida abokai, ka ajiye wayar.

In akwai wuri ɗaya da ya fi kowane tara mutanen anka, to inda ake ɗaure kwale-kwale ne in an sauka tudu. Kowa sai ya bi ta nan, da jarkar ruwa, da buhun shara, da tukunyar gas. Shi ma da ladabinsa: a bar igiya da tsawo don na baya ya samu kutsawa, a bar inji a cikin ruwa kada farfelarsa ta huda robar wani, a sa sarƙa da kwaɗo. Ka zauna a nan minti ashirin kana jiran kyaftin, za ka san rabin mutanen wurin.

Wata riba ta zaman anka ita ce mutanen gari. Marina shinge gare ta da mai gadi, wanda ke cikinta yana iya wata guda a ƙasa bai yi hira da ɗan ƙasar ba sai mai tasi. A wurin anka masunta ne za su zo gefenka da kifi, yara su zo da kwale-kwalen katako. In Allah ya sa masu jirginka suka bi ta Dakar, inda ake sakin anka a Hann gaban kulob ɗin matuƙa mai suna CVD, ko suka shiga Kogin Gambiya, to a can kai ne ɗan gari su ne baƙi. Sallamarka kaɗai za ta buɗe ƙofofin da kuɗinsu ba zai buɗe ba. Kada ka auna da gaɓar tekunmu ta Najeriya, inda matsalar tsaro a Mashigin Gini ta sa irin waɗannan matafiya ba su cika yada zango ba.

Sai maganar addini, wadda na san mahaifinka zai fi son ji. Marina ta fi sauƙi ta wannan fuska: jirgi a tsaye yake, alƙibla ba ta motsi, Juma'a kuma da ƙafa ko a bas za ka je. A kan anka jirgi yana juyawa da iska, sai ka duba kamfas kafin ka tada kabbara, kuma malamanmu sun ce in ya juya kai ma ka juya in da hali. Ruwan daɗi a ƙidaye yake, amma alwala da ruwan teku ta inganta, hadisi ya tabbatar da tsarkinsa, don haka guga da igiya sun ishe ka. Ƙasaru kuwa a mazhabarmu tana yankewa in an yi niyyar zaman kwana huɗu, ka riƙa tambayar kyaftin shirinsa. Abin da zai fi damunka zaman yamman nan ne, domin yawanci da giya ake yinsa. Ba wanda zai tilasta maka, kuma in ka ce ba ka sha sau ɗaya an gama, a cikinsu ma akwai da yawa da ba sa sha. Amma shawarata ita ce kada ka jingina zumuncinka a kan wannan zaman. Ka je ka gaisa ka tashi kafin magariba, sallarka ma ta ba ka hanyar fita. Ka buɗe taka majalisar da safe ko da la'asar, da shayi mai citta da kanumfari, ko zoɓo, wanda 'yan Senegal da mutanen Karibiyan duk suna sha kuma za ka same shi a kasuwanninsu. In an yi taron da kowa ke kawo girkinsa a bakin ruwa, ka tambayi abin da ke cikin tukunya ba tare da jin nauyi ba, sun saba da masu ƙin nama da masu ƙin alkama. Ka tafi da yajinka. Kilishi kam ka cinye shi kafin ka isa, 'yan kwastan na ƙasashe da yawa ba sa barin nama ya shiga.

Yanzu ga abin da ya shafe ka kai kaɗai. Duk daɗin zaman anka da na lissafa, na mai iko da kwale-kwale ne. Ku uku ne a jirgin da bai wuce ɗaki da falo ba, su biyu mata da miji, kwale-kwale kuma ɗaya. In suka ɗauke shi suka tafi gari, kai fursuna ne har su dawo, kana hango tudu ba ka iya taka shi. A marina in ranka ya ɓaci sai ka sa takalmi ka fita ka zaga. A kan anka ba wannan. Ma'aikatan da na ga kaɗaici ya kayar, ba rashin mutane a wurin ne ya kayar da su ba, rashin hanyar isa gare su ne. Saboda haka kafin ka sa hannu a takarda, ka zauna da dattijon nan ku yi magana a fili, cikin ladabi. Yaushe kake da izinin ɗaukar kwale-kwale kai kaɗai? Wace rana ce taka a mako? Ranar Juma'a za a sauke ka tudu in akwai masallaci? Za a ba ka ƙaramar oba-oba ta hannu? In akwai wani ɗan kwale-kwalen roba na biyu da ake hurawa, ko da ba inji, ka nemi ya zama naka. Mutanen kirki ba za su ji haushin waɗannan tambayoyi ba, wanda ya ji haushi kuwa ya nuna maka abin da ke gaba.

Ka kuma yi amfani da abin da ka koyo. Ƙananan injunan kwale-kwale kullum cikin ciwo suke, galibi dattin mai ne ke toshe kafireto. Matashin da ya iya kwance shi ya wanke ya mayar, kafin mako ya zagayo duk wurin an san sunan jirginsu. Ka yi shi a matsayin taimako. Karɓar kuɗin aiki a ƙasar da ba ka da izinin aiki yana iya jawo maka 'yan shige da fice, kuma yana ɓata maka da makanikan gari da ke ci daga nan.

Na san a Oron an jefa ku ruwa da rigar kariya, amma wannan daban, iya iyo daban, mu 'yan Zariya kuwa yawancinmu iyakarmu kallon Kubanni da Galma daga kan gada. Ka samu wurin koyo ka ƙware kafin ka tafi. Hatsarin zaman anka ba a babban jirgi ya fi yawa ba, a ɗan tsakanin nan ne na komawa gida da dare, cikin duhu, iska tana kaɗawa daga tudu zuwa teku. In inji ya mutu a nan, waje za ta yi da kai. Kada ka shiga kwale-kwale ba filafilan tuƙi, ba tocila, ba ƙaramar anka da igiyarta. Igiyar kashe inji kuma a ɗaure take a hannunka ko a ƙafarka duk lokacin da injin ke aiki, ko da tafiyar ta minti biyu ce. In za ka je hira wani jirgi, ka gaya wa kyaftin wanne ne da lokacin da za ka dawo. Ka gaida mahaifinka, ka ce masa ina nan tafe bayan sallar Juma'a mu ƙarasa maganar takardunka.